Falo Na Ƙyalli, Ƙarƙashi Na Tsatsa

A Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gida a cikinta: falo, ɗakin kwana, kicin, banɗaki, har da na'urar sanyaya ɗaki. Manyan cikinsu kan kai tsawon ƙafa 40 zuwa 45, nauyinsu daga tan 14 har ya haura 20, injin dizil ɗin kuma a can baya yake, ƙarƙashin gadon maigida, yana tura motar. Da yawa daga cikinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake harhaɗa su. Wanda ya gina ɗakin daban, mai casis daban, ko Freightliner ko Spartan. Injin na Cummins ne ko tsohon Caterpillar, giyabos kuma na Allison. Wato babbar mota ce sak, dangin tirela da bas, aka ɗora mata gida. Masu saye kuwa akasari dattawa ne da suka yi ritaya, irin mutumin da bai taɓa riƙe sitiyarin abin da ya wuce ƙaramar mota ba, kuma a jihohi da dama ba a neman wani lasisi na musamman kafin ya hau titi da ita.

To, da kai nake, maigida. Ka canza labulen falo, ka sa sabuwar talabijin, ka san inda kowane cokali yake a kicin. Amma a ce ka nuna inda filtar da ke raba ruwa da man dizil take, sai ka hau sosa ƙeya. Ka sayi babbar mota kana mata riƙon gida. Gida ya yarda a kulle shi a tafi wata shida, mota kuwa ba ta yarda.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tinƙahon da kake yi da maleji. "Shekararta 15, amma mil 40,000 kacal ta yi." Kana faɗa kana murmushi, a ganinka yabo ne. Direban tirela mai dogon zango kan ci ninkin wannan a shekara guda, injinsa kuma lafiya lau. Lambar da kake alfahari da ita shaida ce ta zaman banza, zaman banza kuwa shi ke cin irin wannan mota. Wanda ya ɗaure doki a turke wata tara, ranar hawan sallah ya ce zai yi sukuwa, ya san abin da ya nema.

Fara da taya, don ita ke fara kashe mutane. Ka durƙusa ka dubi zanenta, ka ga bai suɗe ba, ka ce sabuwa ce. Tayar motar gida ba ta suɗewa, tsufa take yi. A cikin robar akwai sinadaran kariya da ke fitowa fuskar taya idan tana juyawa tana ɗaukar ɗumi. Wadda ta kwana wata da watanni a wuri guda, rana na dukanta, tan da yawa na danne gefe ɗaya, bushewa take yi ta tsattsage, danshi ya shiga ya ci wayoyin ƙarfen da ke ciki. Shekarunta kuwa a rubuce suke a jikinta, ba sai an yi duba ba. Nemi layin da ya fara da DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: 2317 na nufin mako na 23 na shekarar 2017. Michelin na cewa daga shekara biyar a riƙa kai wa gwani ya duba kowace shekara, kuma kome kyanta kada ta wuce goma. A 2022 Goodyear ya janye tayoyi kusan 173,000 samfurin G159 da aka riƙa ɗaura wa motocin gida, alhali tun 2003 aka daina ƙera su. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan: shekara 19 da daina yi, amma ana fargabar har yanzu akwai masu hawa kansu.

Ka taɓa kai motar kan sikeli? Na san amsar. Ka cika tankin ruwa, ka loda kaya a akwatunan ƙasa, ka ɗaura ƙaramar mota a baya, iskar taya kuma ka bar ta yadda ka same ta. Yawan iskar da ya dace daga nauyin kowace ƙafa ake fitar da shi, a jadawalin mai taya. Ranar da ta gaba ta fashe kana gudun mil 65, ka ce tsautsayi ne. Tsautsayi daban, ganganci daban.

Sai man da ke tanki. Tankin nan na ɗaukar galan 100 zuwa 150, ka ajiye shi da rabi tun kaka. Iskar da ta cike sauran rabin tana ɗauke da danshi, dare ya yi sanyi ta yi gumi a bangon tanki, ruwan ya gangara ya kwanta a ƙasa tunda ya fi mai nauyi. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu ƙwayoyin halitta ke yaɗuwa, su bar wani baƙin yauƙi. Ranar tafiya motar ta girgiza, yauƙin ya tashi ya toshe filta, kana tsakiyar hawa ƙarfi ya ɗauke. Cika tanki kafin ajiya da tsiyaye ruwan filta, aikin minti nawa ne?

Ruwan lagireto shi ne inda jahilcin ya fi tsada, don ɓarnar ba ta da ƙara kuma ba ta da hayaƙi. A injina irin su Cummins mai lita 8.3 da mai lita 8.9, kowane fistin yana hawa da sauka ne cikin hannun ƙarfe da ake zurawa a jikin injin, ruwan sanyaya kuma na kewaye da shi kai tsaye. Duk lokacin da mai ya kama wuta, hannun nan yana karkarwa. Karkarwar na haifar da ƙananan kumfa a jikinsa ta waje, kumfan su fashe da ƙarfi, kowace fashewa ta ɗebe ɗan ƙarfen da ido ba ya gani. Sinadarin da ke cikin ruwan lagireto na manyan injina shi ke yi wa ƙarfen rufi, kuma ƙarewa yake yi ko ana tafiya ko ba a yi. Idan ya ƙare sai ramuka su fara, su yi ta zurfi har ɗaya ya ɓula, ruwa ya zuba cikin baƙin mai. Daga nan sai sauke injin. Abin gwajin kuwa 'yar takarda ce da ake tsomawa a ruwan a dubi launinta, kuɗinta bai kai na abincin rana ba. Kai kuma da ka ga ruwa ya ragu sai ka ɗauko duk jarkar da hannunka ya faɗa kai, kore ko ja, ko ma ruwan famfo, ka tuttula.

Lagireton kansa a yawancin waɗannan motoci a baya yake, inda fanka ke zuƙo duk ƙurar da tayoyi suka tayar. A tsofaffin injina akwai ɗan tiyon da injin ke numfashi ta cikinsa, yana fitar da tururin mai. Tururin ya manne a fuskar lagireto da na'urar sanyaya iskar turbo da ke gabansa, ƙura ta bi ta manne, a hankali a samu taɓo. Ta waje tsaf yake. Sai ka ɗaga gadon ka haska tocila ta ɓangaren fanka sannan za ka ga ƙasan ya like. Wankin sabulu da ruwa marar ƙarfi sau ɗaya a shekara ya isa. Kai kuwa allurar zafi na hawa a kan tudu, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki, ka ƙara addu'a, ka ci gaba da taka totur a babbar giya, maimakon ka rage giya fanka da famfon ruwa su ƙara gudu.

Kada kuma ka zo min da zancen cewa kana tayar da ita duk Asabar ta yi minti goma. Gara ma ka bar ta. Injin dizil da ke aiki a tsaye ba ya kai zafin da zai kori danshi daga baƙin mai da salansa, ƙara shi yake yi. Motocin da aka ƙera daga 2007 suna da matatar toka a salansa wadda sai ta yi zafin da ya kusa digiri 600 take ƙone abin da ta tara, zaman tsaye kuwa cika ta kawai yake yi. Daga 2010 an ƙara tankin ruwan yuriya da ake kira DEF, wanda shi ma yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi, kuma idan kwamfutar motar ta ƙi yarda da shi tana iya mayar da gudunka mil biyar a awa. In za ka motsa ta, ka fitar da ita babban titi ta yi tafiyar da injin da giyabos za su yi zafi sosai. Janareton ciki ma haka: kamfanin Onan mai ƙera shi na cewa a kunna shi awa biyu duk wata da rabin lodi. Batura, fanbel, tiyoyi, giris, ɓerayen da ke cin waya, ba sai na tsaya a kansu ba.

Birki ne ba zan wuce da sauri ba, don a nan ran wasu ya shigo. Birkin iska gare ka, ba na mai ba. Kwamfuresa na tara iska a tankuna har geji ya kai wajen 120 zuwa 130, akwai kuma na'urar da ke busar da iskar kafin ta shiga, mai wani gwangwani da ake canzawa bayan 'yan shekaru. Yaushe rabonka da jan igiyar tsiyaye tankunan? In ka ja ka ga ruwa ko mai na fita, na'urar ta gaza, ruwan nan kuma shi zai ci bawul, ya daskare cikin hunturu. Kowane direban babbar mota a Amurka sai ya iya gwajin birki kafin a ba shi lasisi. A sa wa taya waigi, a kashe injin, a saki birkin ajiya, a danne birki minti guda: iskar kada ta ragu fiye da maki uku. A yi ta taka birki ana saki, ƙararrawa ta yi kuka kafin geji ya sauka ƙasa da 60, maɓallin birkin ajiya kuma ya fito da kansa tsakanin 45 da 20. Minti biyar ne duka. Doka ba ta tilasta maka ba, shi ya sa ba ka taɓa yi ba, alhali nauyin da kake turawa bai san ko kana da lasisi ko ba ka da shi ba.

A 1931 Clessie Cummins da kansa ya gangaro mashigar dutsen Cajon a Kalifoniya cikin babbar motar dizil, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, da ƙyar ya tsira daga jirgin ƙasan da ke tsallaka hanya a ƙasan gangarar. Injin dizil ba ya riƙe mota a gangara yadda na fetur ke yi. Abin ya zauna masa a rai har ya ƙirƙiro birkin injin da kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961. Irinsa, ko ɗan'uwansa na salansa, yana nan a motarka, maɓallinsa na gefen hannunka. Amma ka fito ramin Eisenhower a Kolorado, sama da ƙafa 11,000, ka kama gangara a babbar giya ƙafarka na kwance kan birki mil bayan mil. Gangar birki in ta yi zafi buɗewa take yi ta guje wa takalmin. Hanyoyin tsakuwa da aka yi a gefen gangarar don motocin da birkinsu ya tsinke, ka ɗauka don 'yan tirela kaɗai aka yi su?

Idan kuma matsala ta zo, sai ka koma canki-canka. Fitila ta kama a dashbod, ka cire kan batir don ta mutu, ka ce an gyara. Kwamfutar nan lambobi biyu take bayarwa, SPN da FMI: ta farko ta faɗi wane sashe ne, ta biyu ta faɗi irin laifin. Rubuta su ma ka kasa. Ƙarfi ya ragu a hawa, maƙwabcinka a sansanin masu motocin gida ya ce nasa turbo ne, sai ka yi odar turbo. Ba ta gyaru ba, ka sayi nozul shida. Mai hankali daga mai araha yake farawa: filtar mai, gejin filtar iska, tiyon turbo ko wani kilif ya saki, kan batir da wayar da ke kama jikin casis, don wuta in ta yi rauni kwamfuta kan yi ta kawo ƙarar sassan da lafiyarsu ƙalau. Hayaƙi ma magana yake yi: baƙi, mai ya fi iska, shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, fari, ko man da bai ƙone ba ko ruwa. 'Yar kwalbar baƙin mai da za ka aika ɗakin gwaji lokacin juye za ta gaya maka ko ruwa ko ƙura sun fara shiga tun kafin ka ji a aljihu. Abu ɗaya ne ban yarda ka taɓa ba: bututun mai na injinan zamani. Matsin da ke ciki ya haura bar 1,500, ɗigon da ya tsarto na huda fata, kada ka kuskura ka lalubi yoyo da hannu.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi kada ya yi dariya tukuna. Injin dizil ɗaya ne ko'ina, kuma mu ne masu cire tamostat mu jefar wai ƙasarmu da zafi, mu hura filtar iska da iskar mai faci har takardar ta yage, mu cika lagireto da ruwan rijiya.

Na dawo gare ka, maigida. Ranar da ta tsaya maka a gefen titi, ƙaramar janwe ba ta iya ta, sai babba irin ta tirela, kuma sai an kwance sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya kafin a ja, in ba haka ba giyabos ya tafi. Garejin manyan motoci zai sa ka a bayan layi, don masu tirela su ne abokan cinikinsa na kullum, bakanike kuma ba ya murnar aikin da sai ya ratsa ɗakin kwanan mutum ya ɗaga gado kafin ya ga injin. Tambayar farko da zai yi maka ita ce ina littafin sabis, yaushe aka canza wannan, yaushe aka gwada wancan. Kai da uwargida kuma ku nemi otal, tunda gidan ma yana gareji.