Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Jerin Lambobi a R da Python

Akwai maganar da masu koyar da kwamfuta ke yawan faɗa wa ɗalibai: wai harsunan rubuta manhaja duk ɗaya ne, salon rubutu kaɗai ya bambanta. Wannan magana kuskure ce, kuma tana jawo asara.

Ɗauki lambobi uku. A R ka rubuta x <- c(10, 20, 30), sannan y <- x. In ka sauya lambar farko ta y, x yana nan yadda yake, domin R yana kwafe jerin da zarar an taɓa shi. A Python ka rubuta x = [10, 20, 30], sannan y = x. Nan ba a kwafe komai ba. Sunaye biyu ne a kan abu guda. Ka sauya y, ka sauya x, kuma babu gargaɗin da zai fito.

Ba a nan ta tsaya ba. A Python, x[-1] ita ce lambar ƙarshe, wato 30. A R kuwa umarni ne a jefar da ta farko. A R, x * 2 zai ba ka 20, 40, 60. A Python sai ya maimaita jerin ya zama lambobi shida, in ba da NumPy ka gina shi ba.

Za a ce ai ƙananan abubuwa ne. Ƙanana ne, har ranar da akanta zai gyara abin da ya ɗauka kwafi ne, ya wayi gari ainihin lissafin albashi ya canza. Malam, kafin ka koyar da komai, fara da abin da alamar = take aikatawa a harshen da ke gabanka.