Filin Na'urori: An bar jaki ana dukan taiki

Masu karatu, batun wannan mako ya shafi wata ƴar kwamfuta da ake kira Raspberry Pi, da abin da ya kamata a yi ranar da ta ƙi kama intanet. Wata gidauniya ta birnin Kambirij na ƙasar Ingila ce ta fito da ita a watan Fabrairu na 2012, a kan dalar Amurka 35, da nufin yara su koyi sarrafa kwamfuta ba tare da iyayensu sun kashe dukiya ba. Allo guda ne tsirara, tsawonsa milimita 85, faɗinsa 56, kamar katin banki. Ba ta zuwa da ekaran ko kilabiye, mai ita ne ke haɗa mata su. Araharta da ƙarancin cin wutarta sunka sa ta wuce hannun ɗalibai, har wasu ke ɗora mata aikin kanti da na biro. To, duk na'urar da anka ɗora wa aiki, ranar da ta tsaya asara ce ke biyowa.

Ga misali irin wanda ka iya faruwa a kowace kasuwa. Wani Alhaji ne mai sayar da shinkafa da mai a sari a Maraɗi, yana da mangaza ta biyu a Damagaram a hannun babban ɗansa. Ɗan ƙanensa, ɗalibi a jami'a, ya haɗa masa irin wannan na'ura, samfurin Pi 3, domin ta riƙe lissafin kayan da sunka shiga da waɗanda sunka fita, kowane maraice kuma ta aika kwafi Damagaram ta hanyar rezon da salular Alhaji ke raba mata. Watanni ana haka lafiya lau. Sai ga ƙarshen wata, kwana 3 babu lissafin da ya isa Damagaram, ga babbar mota tana jiran a faɗa mata buhu nawa za ta ɗauka. Wani mai gyara ya leƙa, ya ce na'urar ta ƙone, a sayi sabuwa. Alhaji ya sa anka kira yaron.

"Kai ka ce mini wannan abu ya fi littafi. Littafina bai taɓa ce mini babu rezo ba."

"Gaskiya ne, Baba. Amma kafin a jefar da ita, me ya canza a kantin nan tun ranar Litinin?"

"Babu abin da ya canza, sai dai salula da na sake."

Tambayar yaron ita ce ginshiƙin dukan aikin. Na'urar da ta yi aiki jiya ta ƙi yau, galibi wani abu ne ya sauya a kewayenta, ko salula, ko caja, ko kalmar sirri, ko wurin da anka ajiye ta. Bayan wannan tambaya sai ƙa'idoji 2. Ta farko, a fara bincike daga kusa zuwa nesa, daga abin da ba ya cin ko dala zuwa abin da ke cin jikkuna. Ta biyu, a taɓa abu guda a lokaci guda, a gwada, kana a wuce gaba. Wanda ya sauya abu 5 a tare, ko na'urar ta tashi, bai san wanne ne maganin ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Abu mafi kusa shi ne forfe. A duba ko kuɗin intanet ɗin bai ƙare ba, a kuma haɗa wata salula da wannan wifi ɗin a gani. In ita ma ba ta buɗe komai ba, to na'urar ba ta da laifi. A kantin Alhaji forfe yana nan, salular yaron kuma ta kama rezon nan take. Sai dai da anka duba jerin rezon da Pi ke gani, sunan salular Alhaji ba ya ciki sam.

Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya san samfurin da ke hannunsa. Wifi galibi yana tafiya a kan zango 2, na jigahats 2,4 da na jigahats 5. Pi 1 da Pi 2 ba su da wifi a jikinsu ko kaɗan, sai an soka masu kile na wifi. Pi 3 samfurin B, wanda ya fito a 2016, shi ne na farko da ya zo da wifi, amma zangon 2,4 kaɗai yake ji, haka ma ƙananan nan Zero W na 2017 da Zero 2 W na 2021. Sai daga 3 B+ na 2018 ne anka ƙara zangon 5. Sabuwar salular Alhaji kuwa a kan 5 take raba rezo, ita kuma Pi 3 B kurma ce a wannan zango. Anka shiga saitin salular anka mayar da shi 2,4, sai ga sunan ya bayyana. Darasi ga mai saye, musamman na hannu, shi ne ya karanta sunan samfurin da shekarar da ke rubuce a jikin allon kafin ya biya.

Akwai wani dalilin kuma da kan hana wifi tashi gaba ɗaya, ko da yake bai shafi kantin Alhaji ba. Kowace ƙasa tana da dokarta game da tashoshin rediyo da anka yarda a yi amfani da su, saboda haka tun daga 3 B+ wifin na'urar a kulle yake har sai an faɗa mata ƙasar da take. Ana yin haka cikin saitin da ake buɗewa da umarnin raspi-config. A nan sai a yi hattara da haruffa, domin NE ce alamar Nijar, NG ta Nijeriya, NI kuwa ta Nikaraguwa ce can Amurka ta Tsakiya.

Da sunan rezon ya bayyana, yaron ya jona kilabiyen biron Alhaji ya rubuta kalmar sirri. Na'urar ta ƙi. Ya sake har sau 3, Alhaji yana tsaye yana girgiza kai. Wannan tarko ne da ya fi kama mutanen ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Kilabiyen da ke cikin birorin Nijar galibi na tsarin Faransa ne, wanda layinsa na sama ke farawa da A, Z, E, R, T, Y. Ita kuwa na'urar, in ba a sauya mata ba, tsarin Ingila take ɗauka, mai farawa da Q, W, E, R, T, Y. Mutum ya danna A, ita ta rubuta Q. Ya danna W, ta rubuta Z. Wanda ya rubuta "Tawa", abin da ya shiga shi ne "Tqzq". Lambobi ma haka, domin mai kilabiyen Faransa ya saba danne madannin manyan haruffa kafin ya buga lamba, a tsarin Ingila kuwa wannan alamar motsin rai ko alamar fam ke fitowa. Tun da yake ɗigo-ɗigo ne kawai ke bayyana a gurbin kalmar sirri, ba mai ganin ɓarnar. Maganin shi ne a rubuta kalmar a wani fili da ake ganin haruffa, in sun fito a karkace a sauya tsarin kilabiye zuwa na Faransa. Haka anka yi, na'urar ta haɗu.

Murna ba ta daɗe ba, domin bayan ƴan mintoci rezon ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Sai yaron ya lura da ƴar fitilar nan ja da ke gefen allon, wadda ya kamata ta tsaya a kunne, ga ta tana ƙyaftawa. Pi 3 tana bukatar caja mai ba da volt 5 da ampiya 2,5, Pi 4 kuwa ampiya 3. Idan ƙarfin wutar ya sauko ƙasa da volt 4,63, jar fitilar kan mutu ko ta riƙa ƙyaftawa, gargaɗi kuma ya fito a ekaran, wanda a tsofaffin tsare-tsare hoton walƙiya ne a kusurwar dama ta sama. Na'urar ba ta mutuwa ɗungurungum, abin da ke ruɗa mutane ke nan. Tana kunne, amma tana rage gudu, wifi da duk abin da anka soka mata suna ɗaukewa suna dawowa. Umarnin vcgencmd get_throttled yana faɗin ko hakan ta faru tun da anka kunna ta, in ya amsa da 0x0 to wuta lafiya take. Da anka bi igiyar zuwa bango, sai anka tarar yaron kanti ya ɗauke cajar na'urar yana cajin fitila da ita, ya maye gurbinta da cajar tsohuwar salular Alhaji, da wata siririyar igiya doguwa irin ta bakin tasha. Siririyar igiya kan cinye wutar a hanya ko da cajar mai kyau ce. Anka mayar da ta asali, fitila ta tsaya cak, lissafin kwana 3 ya tafi Damagaram kafin la'asar.

Ba kullum ne matsalar ke ƙarewa a nan ba, musamman a ma'aikatun gwamnati inda na'urori da yawa ke rataye a akwatin intanet guda. Idan an haɗu da wifi amma shafi ya ƙi buɗewa, akwai tambayoyi 4 da ake yi wa na'urar bi da bi. Ta farko, shin ta sami adireshi? Umarnin hostname -I yana nuna shi. Lamba mai farawa da 192.168 ko da 10 alama ce ta lafiya. In ta fara da 169.254, ko kuwa babu lamba sam, to akwatin bai ba ta adireshi ba, sai a kashe shi a sake kunnawa, ko a gwada jona ta da kabul kai tsaye. Ta biyu, shin tana jin akwatin? Ana aika masa sallama da umarnin ping haɗe da lambarsa. Ta uku, shin sallamar tana fita waje? Sai a yi ping 8.8.8.8, wadda lambar wata na'urar kamfanin Google ce. In akwatin ya amsa, wajen bai amsa ba, matsalar tana tsakanin akwatin da kamfanin waya. Ta huɗu, a yi ping da suna, kamar wikipedia.org. In lamba ta amsa suna bai amsa ba, to tafintan da ke mayar da sunaye lambobi, wanda ake kira DNS, shi ne ya kwanta, sai a sauya shi da 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Idan duka huɗun sun amsa amma shafuka suna kukan rashin tsaro, a dubi agogo. Kafin Pi 5 na 2023, babu samfurin B da ke da agogon da ke ci gaba da tafiya in an ɗauke wuta. Da ta farka, lokacin da ta kwanta take ɗauka, har sai ta tambayi sa'a ta intanet. Yawanci cikin minti guda take gyara kanta, sai dai wasu rezon ma'aikatu suna toshe wannan hanya. Takardun shaidar tsaro na shafuka kuwa suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka na'urar da anka rufe makonni lokacin hutu tana iya ganin takardar da ranarta ba ta zo ba tukuna, ta ƙi ta. Umarnin date yana nuna ranar da take zato. Inda yankewar wuta ta yawaita, ƴar na'urar agogo mai batir da ake soka wa allon tana kawar da wannan ciwo.

Hattara kuma da tsohuwar shawara. A watan Oktoba na 2023 tsarin Raspberry Pi OS ya koma amfani da NetworkManager wajen kula da rezo, saboda haka dabarar da ta shahara a da, ta ajiye takardar wpa_supplicant.conf cikin katin memori, ba ta aiki a sababbin tsare-tsare. Kazalika kada a kulle na'urar cikin akwatin ƙarfe don gudun ƙura ko ɓarawo, domin ƙarfe yana tare wifi.

Wani lokaci kuwa laifin ya fi ƙarfin kowa a gari. Nijar ba ta da gaɓar teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa daga igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sunka katse daura da gaɓar Kodibuwa, rezo ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma har da Nijar. A irin wannan rana, wanda ya zauna yana kwance saitin na'urarsa ɓarna kawai zai ƙara. Leƙa kantin maƙwabci a tambaye shi ko nasa yana aiki ya wadatar, matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rage ga mai kanti da shugaban biro shi ne tanadi. A manna takarda kusa da na'urar mai ɗauke da samfurinta da ranar da anka sauya wani abu. A yi wa cajarta alama da fenti don kada a ara. A ajiye kwafin katin memori a aljihun tebur, domin yankewar wuta ana tsakar rubutu tana lalata kati. Shi dai Alhaji bai sayi sabuwar na'ura ba, amma ya umarci magatakardansa da ya ci gaba da cika littafin takarda kowane maraice, yaron kuma bai yi masa musu ba.

Mako mai zuwa filin zai duba yadda ake ciyar da irin wannan na'ura da hasken rana, da girman batirin da zai riƙe ta daga magariba zuwa wayewar gari.