Senegal da Mali: Inda Hanyar Tagwaye ta Rabu

A watan Yunin 1960 Senegal da Mali suka karɓi 'yancin kai daga Faransa a matsayin ƙasa ɗaya, Tarayyar Mali. Wata biyu kacal aka yi auren ya mutu. Daga nan zuwa yau, sau biyar sojoji suka kifar da gwamnati a Bamako: 1968, 1991, 2012, 2020 da 2021. A Dakar kuwa soja bai taɓa ɗana kujerar mulki ba.

Kada a ɗauka 'yan siyasar Senegal waliyyai ne. Leopold Senghor ya ɗaure firaministansa Mamadou Dia bayan rikicin 1962. Abdoulaye Wade ya nemi tazarce a 2012. Macky Sall ya ɗage zaɓen Fabrairun 2024 ana saura makonni a kaɗa ƙuri'a. Sai dai duk lokacin da kwaɗayin mulki ya motsa, akwai abin da ke taka masa birki. Senghor ya sauka da kansa a ƙarshen 1980. Abdou Diouf ya sha kaye a 2000, ya miƙa mulki ba gardama. Akwatin zaɓe ne ya sallami Wade.

A duba kotunan ƙasashen biyu. A 2020 kotun tsarin mulkin Mali ta juya sakamakon kujerun majalisa kimanin 30, jam'iyyar Shugaba Ibrahim Boubacar Keita ta ci moriya. Jama'a suka cika titunan Bamako, a watan Agusta sojoji suka yi awon gaba da shugaban. A 2024 takwararta ta Dakar ta soke ɗage zaɓen da Sall ya yi. Ɗan adawa Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku, bayan kwana goma ya lashe zaɓe a zagayen farko.

Ra'ayinmu shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nijar ma shaida ce: tazarcen Tandja Mamadou ne ya buɗe wa sojojin Salou Djibo ƙofar juyin mulki a 2010. Ba mu wanke masu juyin mulki ba, domin mulkin Moussa Traore, sojan da ya riƙe Mali daga 1968 zuwa 1991, bai fitar da ita daga talauci ba. Amma ECOWAS da Tarayyar Afirka su daina jiran tankokin yaƙi su fito kafin su yi magana. Ranar da shugaba ya fara murɗe kundin tsarin mulki ko ya sayi alƙalai, ranar ya kamata takunkumi ya hau kansa.