Alƙali Baƙo Ne, Gona 'Yar Gari Ce

Duk wanda ya san ƙasar Kunci, daga Shuwaki zuwa Gwarmai, daga 'Yandadi zuwa Matan Fada, ya san cewa da zarar bazara ta tsananta, aka fara kai taki gonaki a kan jakuna da amalanke, hadari kuma ya soma leƙowa ta gabas, to, lokacin rigimar iyaka ya kama; domin ƙasa ce da jama'a suka yi wa yawa, gona tana jingine da gona, babu saura balle daji, har ta kai kunya biyu da aka ci wa mutum a gefen gonarsa sun isa su raba zumuncin da aka gada tun kaka da kakanni. Galibin waɗannan husumomi a zauren mai unguwa ko na dagaci ake kashe su. Amma wadda ta gagari sulhu takan dangana da gaban alƙali, shi kuwa alƙali, kome zurfin iliminsa na fiƙihu, kome tsoron Allah da ke zuciyarsa, yawanci baƙo ne da aka turo daga wani gari, kuma kafin ya gama sanin wane ne ɗan wane, takardar canjin wurin aiki ta iso shi. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da doka za ta wajabta masa zama da wasu talakawan ƙasar a duk shari'ar da ta shafi gona, zama na ƙa'ida wanda ake rubutawa, maimakon a bar abin ga ganin damarsa.

Mutanen Ingila suna da wani tsari da suke kira juri, wanda Amurka da wasu ƙasashe suka gada daga gare su. Tun zamanin Sarki Henri na biyu, wanda ya kafa dokarsa a 1166, ake tara mutum 12 daga cikin jama'ar yanki a rantsar da su su faɗi gaskiyar abin da suka sani. Kuma abin lura a nan shi ne, da farko maƙwabta ake nema, waɗanda suka san masu husumar, suka san filin da ake jayayya a kansa, sai daga baya al'amarin ya juye har ya zama wanda bai san kome game da maganar ba shi ake so. A yau da ƙuri'a ake fitar da su daga rajistar masu zaɓe, direba da malamar makaranta da mai kanti, su zauna su saurari shaidu, alƙali ya bayyana musu abin da doka ta ce, su kuma su keɓe a ɗaki su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Tun 1967 a Ingila ana karɓar hukuncin mutum 10 daga cikin 12 idan an kasa haɗuwa a kan magana ɗaya. 'Yancinsu kuwa da wahala aka same shi, gama a 1670, sa'ad da aka gurfanar da William Penn saboda ya yi wa'azi a kan titin Landan, masu zaman suka ƙi kama shi da laifin da alƙalai suke so, aka kulle su ba ci ba sha, aka ci su tara, har wata babbar kotu ta hukunta cewa ba a azabtar da mai zaman juri saboda abin da ya yanke.

Ba na cikin masu cewa a ɗauko wannan tsari ɗungurungum a dasa a kotunanmu, musamman a shari'ar jini da ta haddi. Indiya ta gwada, ta kuma bari bayan shari'ar Nanavati ta 1959, inda wani hafsan sojan ruwa ya harbe mutumin da ke neman matarsa, jaridu suka yi ta zuga jama'a, masu zaman juri suka wanke shi da rinjayen 8 da 1, sai da babbar kotun Bombay ta rushe hukuncin. Ƙasar da siyasa ta raba gida ɗaya biyu, da ƙabilanci ke iya tashi a kan faɗan kasuwa, ba ta shirya miƙa wuyan mutum ga ƙuri'ar 'yan unguwa ba. Ban da haka ma, malamanmu sun sharɗanta ilimi ga mai yanke hukunci, kuma wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne.

Sai dai wanda ya ce shari'armu ba ta san zaman kowa tare da alƙali ba, to, bai karanta littattafan mazhabar Malikiyya ba, ko kuwa ya karanta ya manta. Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibnu Asim, waɗanda kowane alƙali a ƙasar nan ya yi kwana a kansu, sun ɗora masa yin shawara da masana, sun kuma buɗe ƙofar komawa ga ma'abota sanin abu a inda iliminsa bai kai ba, kamar aibin dabba ko ƙimar ɓarnar amfanin gona. Abdullahi ɗan Fodiyo a birnin Kano ya wallafa Liya'ul Hukkami wajen 1806, da mutanen garin suka roƙe shi ya bayyana musu yadda ake mulki da shari'a. Alƙalanmu na dā ba su zama sai da muftai a gefensu. Akwai kuma tazkiya, wato a tambayi mutanen gari ko mai shaida adali ne kafin a ɗora hukunci a kan maganarsa. Malaman Magrib ma sun ƙara wani abu da suka kira shaidar lafifi, inda ake karɓar maganar talakawa 12 idan ba a sami adalai biyu ba, har wani masanin doka a Amurka, John Makdisi, ya yi rubutu a 1999 yana kafa hujjar cewa daga nan Ingila ta samo jurinta ta hanyar tsibirin Sisili. Wasu masana sun yi masa jayayya, ni kuwa ba da wannan na dogara ba. Rubutattun shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda suka tsira har aka buga su, cike suke da ƙarar gonaki, kuma sarki ba shi kaɗai yake zamansu ba. Daga baya an rushe kotunan sarakuna, kuma wanda ya ji labarin abin da aka yi wa 'yan NEPU a gaban wasu alƙalan En'e ba zai yi wa rushewar kuka mai yawa ba; amma tare da ɓarnar an zubar da wani alheri, shi ne kusancin mai hukunci da mutanen da suka san ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe nasu: a Maraɗi ko Damagaram, idan za a yi shari'ar gona ko ta gado bisa al'ada, alƙalin gwamnati yakan zauna da mataimaka masana al'adar masu husumar, su ba shi shawara kafin ya yanke.

Na taɓa kasancewa cikin dattawan da wani alƙali ya nema su raka shi ganin gona, kuma daga wannan zama na san nauyin abin da nake kira a yi. 'Yan'uwa ne biyu, 'ya'yan wa da ƙane. Mahaifin ɗayan ya tafi Gabas ta ƙasa a zamanin da ake tafiya haji a ƙafa, ya daɗe a Sudan, ya bar gonarsa a hannun ƙanensa. Bayan duka tsofaffin sun kwanta dama, ɗan matafiyin ya zo neman gonar ubansa, ɗan ƙanen ya ce kyauta aka yi wa nasa uban. Babu takarda, kamar yadda babu ita ga mafi yawan gonakin karkara, duk da dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta danƙa al'amarin filayen ƙauye ga ƙananan hukumomi. A fiƙihu, wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana noma ta, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, hauzi ya tabbatar masa da ita. Tsakanin dangi sai an daɗe fiye da haka nesa. Amma idan aka tabbatar aro ne ko jingina, to, ko shekara nawa aka yi hauzi ba ya cin ta. Saboda haka shari'ar duka ta rataya a kan abu guda, aro ne ko kyauta, kowanne kuwa ya kawo shaidu masu furfura, kowanne a shirye yake ya dafa Alƙur'ani.

Da muka isa gonar, alƙali yana duban shingen aguwa da layin gamba, magatakarda yana auna taku, sai wani tsoho a cikinmu ya tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa da ke tsakiyar gonar, ya tambayi mutanen da suka taru wa ke kaɗe ta duk shekara. Aka yi shiru. Can wata tsohuwa daga bayan shinge ta ce, tun tana amarya 'yar'uwar matafiyin ce ke zuwa daga garin da take aure ta kwashe ɗorawar, ta yi daddawa da kalwarta, bayan rasuwarta kuma 'ya'yanta suka ci gaba, ba wanda ya taɓa hana su. Alƙali ya juyo ya ce, “Baba, ina ruwan ɗorawa da maganar da muke ciki?” Tsohon ya ce, “Allah ya gafarta Malam, a ƙasar nan wanda ya ba da aron gona yakan riƙe itacensa, wanda ya yi kyauta kuwa har da itacen yake bayarwa.” Wannan ba ya cikin Tuhfa, ba kuma a koyar da shi a makarantar horon alƙalai, amma duk yaron da ya tashi yana kora jaki a tsakanin gonakin nan ya san shi. Alƙalin mutumin kirki ne, ya karɓi maganar a matsayin ƙarina, ya sake kiran shaidu a kanta, ya yi wa wanda ake ƙara i'izari, wato ya ba shi damar kawo abin da zai kare kansa, sa'an nan ya yanke.

Abin da ba a faɗa wa mai shiga irin wannan zama shi ne abin da ke biyo baya, da wanda ke gabata. Tun daren da aka ji sunanka za ka fara yin baƙi waɗanda ba su saba zuwa gaishe ka ba. A aiko wa iyalinka goro da zabuwa ba tare da an ce daga wa ba. Surukinka ya tuna maka cewa ɗaya daga cikin masu husumar shi ya yanka wa ɗanka ragon suna. Ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kana tuna abin da malamai ke faɗa a kan makomar wanda ya karkatar da haƙƙin wani, ko da da taƙi ɗaya na ƙasa ne. Bayan hukunci kuma, wanda gona ta kuɓuce masa ya tare ni a bakin masallaci, idonsa jawur, ya ce, “Kawu, ashe har da kai za a raba ni da gonar da aka haife ni ana nomanta?” Na ce masa, “Ɗana, abin da muka gani muka faɗa.” Ya daɗe bai gaishe ni ba, alhali yana gaishe da alƙalin da ya yanke hukuncin har ƙasa, zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai zaman juri a Landan doka ta hana a bayyana abin da ya faɗa a ɗakin shawara, in an tashi ya shige jirgin ƙasa ya ɓace cikin miliyoyin mutane. Namu kuwa sahu ɗaya zai tsaya da wanda ya kayar, asuba da magariba, har ɗayansu ya rigayi ɗaya.

Wannan nauyi shi ya sa nake ganin yadda ake yin abin a yanzu zalunci ne ga dattawan da kuma masu shari'ar baki ɗaya. Alƙali in ya ga dama ya nemi rakiya, in bai ga dama ba ya zauna a kujerarsa ya yi hukunci a kan gonar da bai taɓa takawa ba. In ya nema, dagaci ne ke zaɓo masu zuwa, kuma kusan kullum fuskoki ɗaya ne, waɗanda kowa ya san ƙofar gidansu da abin da suke so a kai musu. Kuɗin mota da na abinci daga aljihun masu husuma yake fitowa, wanda ya fi ƙarfi shi ya fi bayarwa, kuma ido yana jin kunyar hannun da ya ciyar da shi. Mafi muni, abin da dattawan suka faɗa sau da yawa ba ya shiga littafin kotu, ta yadda in an ɗaukaka ƙara zuwa Kano, manyan alƙalai ba za su ga ɗorawa ba, ba za su ji tsohuwa ba, sai takarda kawai.

Gyaran ba ya bukatar a taɓa ko harafi ɗaya na shari'a. Majalisar Dokokin Jihar Kano, wadda ta kafa kotunan shari'ar Musulunci a 2000, tana da ikon ƙara wa dokarsu sashe guda: kowace gunduma ta ajiye sunayen manoma masu mutunci waɗanda aka yi wa tazkiya, ranar shari'ar gona a fitar da uku da ƙuri'a a gaban masu husuma, daga ƙauyen da ke maƙwabtaka ba daga unguwar da rigimar take ba, don su san al'adar ƙasar amma kada su zama masu cin abinci a akushi ɗaya da mai ƙara; a rantsar da su, baitulmali ya biya su ladan yininsu, a rubuta ra'ayin kowannensu, hukunci ya zauna a hannun alƙali, in ya saɓa musu ya rubuta dalilinsa. Jamus ta daɗe tana zaunar da talakawa a gefen alƙalanta, Japan ma ta soma a 2009, mutum 6 tare da alƙalai 3, ba a kuwa ji martabar kotunansu ta zube ba.

Za a ce jahilai ne za a ɗora a kan kujerar malamai. Ba fiƙihu za a tambaye su ba, za a tambaye su inda shinge yake kafin a matsar da shi, da ko tumakin da suka shiga gero za su iya yin ɓarnar dami goma a dare ɗaya. Za a ce za a saye su. Ana iyawa, amma sayen mutum uku da ba a san su ba sai da hantsin ranar shari'a ya fi wuya a kan sayen wanda aka san shi tun bara. Abin da na fi tsoro shi ne jerin sunayen ya zama na masu gari da 'yan jam'iyyar da ke mulki kaɗai. Idan rigimar burtali ce tsakanin manomi da makiyayi, kuma duka ukun da ke gefen alƙali manoma ne, Bafillace ya san hukuncinsa tun kafin ya cire takalmi. Dole a sa ardo ya kawo nasa mutanen cikin jerin. Haka kuma gonakin gado da 'yan'uwa maza ke riƙe wa mata shekara da shekaru da sunan gandu, ba a raba ba, ba a kuma ba su ko tiya ɗaya daga abin da aka noma: a irin wannan shari'a ya kamata a sami dattijuwa ko malamar Islamiyya a cikin ukun, domin akwai maganar da mace ba za ta iya faɗa a gaban yayyenta da baffanninta ba sai ta ga wata mace a zaune kusa da alƙali.