Barcin jinjiri ba ya cikin kwalba

 

Ranar zubinmu da ta wuce, bayan an rufe akwati an raba makullai, wata inna daga cikinmu ta zauna ba ta tashi ba. Ita ke kawo zubin ɗiyarta mai jego, haihuwar fari, sati uku ke nan. Ta ce jinjirin kullum dare kuka yake, uwar ta rame, maigida kuma ya fara ƙorafi. Sai suka tsai da mai tallan magani a tire, ya ba su wani siro, ya ce rabin cokali ya isa. Suka ba yaro bayan isha'i. Har hantsi bai motsa ba, an sa mishi nono ya kasa kamawa. Da gudu aka kai shi likita, Allah ya sa da sauran kwana, ya farfaɗo.

Innar ta ce mana: "Wallahi ba mugunta munka yi ba, tausai ne. Yarinyar nan kwana huɗu ba ta runtsa ba."

Ba wadda ta ga laifinta, domin da yawa cikinmu mun taɓa kallon tiren nan da irin wannan tunani. Shi ya sa muka je wurin ungozomar likita muka zauna da ita, muka haɗa bayaninta da abin da muka koya a goyon namu ɗiya.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe: jinjirin da ke tashi kowace awa 2 ko 3 lafiyarshi lau. A kwana ɗaya yana barcin awa 14 zuwa 17, amma guntu-guntu. Cikinshi ɗan ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki, don haka yake neman sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Kuma bai san dare ba, bai san rana ba. Sai ya kai wajen wata 2 zuwa 3 jikinshi ke fara bambance su. Wanda ya ce zai sayar mana da barcin dare cur ga ɗan sati uku, sumar da yaro yake sayar mana. Irin waɗannan siro da ƙwayoyi masu sa barci suna iya rage numfashin jinjiri, su hana shi tashi ko da yunwa na cin shi.

Haka ma bauri, da ruwa, da zuma, da kunu. Mun san kakanninmu sun ba mu, kuma da kyakkyawar niyya. Amma suna cika ɗan cikin nan su hana nono wuri, ruwan da ba shi da tsabta kuma ya kawo zawo. Daga haihuwa har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko a zafin bazara, domin ruwan da yake buƙata yana cikin nonon. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa da kunu.

To mi za mu yi ya ɗan samu natsuwa? Ga abin da muka gwada muka ga amfaninshi.

A ba shi nono tun yana tsotsar hannu yana juya kai, kafin ya fashe da kuka. A bar shi ya sha ɗaya sosai kafin a juya shi ga ɗayan. In ya gama, a ɗora shi a kafaɗa a shafa bayanshi har ya yi gyatsa. Iskar da ya haɗiya ce sau da yawa ke tada shi da murɗe-murɗe.

A koya mishi dare da rana sannu a hankali. Da rana a buɗe taga, haske ya shigo, a yi daka, a yi hira, kar a ce kowa ya yi shiru. Da dare a rage fitila, kar a haska mishi tocila ko waya a ido, a shayar da shi ba wasa ba surutu. Kowane dare a bi hanya ɗaya: a goge mishi jiki, a canza tsumma, nono, ɗan jijjigawa, sai kwanciya.

A kwantar da shi rigingine, bisa bayanshi, kowane lokaci. Wasu na cewa kife ya fi daɗewa yana barci. Gaskiya ne, amma kwanciyar kife na cikin abubuwan da ke sa a wayi gari jinjiri ya mutu cikin barci ba ciwon komai. Shimfiɗa ta zama mai ƙarfi, ba matashin kai, ba bargo mai nauyi, fuska a buɗe. Yawancinmu tare muke kwana da jinjiri cikin sange ɗaya. To kar a sa yayyenshi kusa da shi, kuma uwar da ta sha magani mai sa barci ta ba wata shi. Sangen nan mai magani a soke shi da kyau kowane dare, ko ba damina ba.

Maganar zafi da sanyi: a taɓa ƙirjinshi ko bayan wuyanshi. In da zufa, an cika mishi kaya. Riga ɗaya bisa abin da uwa ta sa ta wadatar. Lokacin hunturu kuma mu yi hattara da garwashin da ake sa wa mai jego a ɗaka. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe babba ma cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta. Hayaƙin turare da na taba su ma a nisanta su da yaro.

Akwai kuma barcin da ba na lafiya ba. In jinjiri ya ƙi nono, ko ana tada shi da ƙyar, ko jikinshi ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinshi ya kai 60 a minti ɗaya, ko yana zabura kamar farfaɗiya, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, kar a jira gari ya waye. A tafi likita, a riƙe karne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta ne a likitocinta, ko da yake mun san wani lokaci sai an sayi magani a waje.

Da muka koma muka duba labarin innar nan, sai muka ga ba jinjirin ne ke da matsalar barci ba, uwar ce. Ita ke tashi dare, ita ke wankin tsumma da rana, ba mai karɓar ta. Gajiya ce ta kai su ga tiren magani.

Don haka ƙungiyarmu ta yanke shawara uku, muka rubuta a littafi. Duk wadda ta haihu, har ta yi arba'in, za mu riƙa zuwa bi da bi: wata ta ɗebo ruwa, wata ta kai niƙa, wata ta riƙe yaro bayan azahar uwa ta samu awa biyu ta kwanta. Mai jego in ta makara da zubi ba tara. Kuɗin kabu-kabu ko amalanke zuwa likita kuma daga asusun taimako za su fito, ko tsakar dare ne, ba sai an jira ranar taro ba.

Mu 25 ne. In an raba kwana 40, kowa bai fi zuwa biyu ba. Ku kai maganar nan wurin zubinku na wannan sati, ku karanta wa waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba, ku kira kakanni su ji, domin su ne ke riƙe da jinjiri a makonnin farko.

Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya. Sai fitowa ta gaba.