Ƙofar Digirin Bayoloji A Aji Huɗu Take, Ba A Ranar JAMB Ba

Yau ba labarin farashi na zo da shi ba, magana ce a kan karatun ƙannenmu, kuma daga cikin gidanmu ta taso.

Ƙanwata tana aji uku na ƙaramar sakandare, za ta shiga aji huɗu, wato SS1. Kwanan baya ta zo da takarda daga makaranta cewa iyaye su zaɓa mata ɗaya cikin uku: ajin kimiyya, ajin kasuwanci, ko ajin adabi. Baba yana zaune bakin rumfa yana lissafin buhunan wake, ya karɓi takardar ya miƙo mini ya ce, "Duba mata wanda ba shi da wahala, ai duk boko ne." Na ce, "Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya, irin wannan takardar ce ta hana ni karatun da nake so." Ya ɗago kai ya dube ni, don bai taɓa jin na faɗi haka ba.

Ga abin da ya faru da ni. Lokacin da na shiga aji huɗu, ba wanda ya zauna da ni. Aka ce ɗan kasuwa ne, ajin kasuwanci ya dace da shi. Na yi Akanta da Tattalin Arziki da Kasuwanci, na haɗa da Bayoloji saboda ina son sa. A jarrabawar WAEC Bayoloji ne ma na fi ci. Da na je wurin rajistar JAMB na ce Bayoloji nake son karanta a jami'a, mai cike fom ɗin ya tambaye ni, ina Kemistirinka, ina Fizis ɗinka? Na ce ban yi su ba. Ya ce to sai dai ka zaɓi wani abu. A tsaye a wurin na gane cewa an rufe mini ƙofar nan tun shekara uku da suka wuce, ina ɗan shekara goma sha biyar, kuma ba da mugunta ba, da rashin sani ne kawai.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mu 'yan kasuwa mun ɗauki JAMB a matsayin ranar da ake yanke hukunci, muna zuba kuɗi da addu'a a kanta, alhali hukuncin tun a aji huɗu ake yanke shi. Bari in jero sharuɗɗan yadda suke, mai karatu ya yi alƙalanci da kansa.

Na farko, sakamakon sakandare. Mai son digiri a Bayoloji, ko 'yan uwansa irin su Botani (ilimin tsirrai), Zuwoloji (ilimin dabbobi) da Maikrobayoloji (ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani), ana neman ya sami kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. Wanda ya sami D7 ko E8 ya tsallake, amma ba kiredit ba ne. Ana karɓar WAEC ko NECO. Yawancin jami'o'i suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma Jami'ar Legas da ke Akoka zama ɗaya take nema. Ka lura, cikin biyar ɗin nan, Kemistiri da Fizis a ajin kimiyya kaɗai ake koyar da su.

Na biyu, jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ake rubutawa: Turanci dole ne ga kowa, sai Bayoloji, sai Kemistiri, sai Fizis ko Lissafi gwargwadon abin da jami'ar ta tsara a littafin JAMB. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, maki kuma 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Sai yaro ya cika shekara 16 ake ba shi gurbi. A 2025 an sa maki 150 a matsayin mafi ƙarancin da jami'a za ta karɓa, amma kada wannan ya ruɗe ka, kowace jami'a tana da nata, Jami'ar Legas ta daɗe ba ta duba wanda ke ƙasa da 200. Bayan haka akwai tantancewar da jami'ar take yi da kanta.

Na uku, akwai hanyar shiga aji biyu kai tsaye, ga wanda ya yi IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko JUPEB, ko NCE, ko difloma. Wasu suna ɗauka wannan hanyar kauce wa sharaɗi ce. Ba haka ba ne, nan ma sai an tambaye ka kiredit biyar ɗin nan.

Idan Allah Ya sa an shiga, karatun shekara huɗu ne. A shekarar farko kusan duk 'yan kimiyya tare suke, ana yin Bayoloji da Kemistiri da Fizis da Lissafi, ga darussan gama-gari irin na Turanci. A nan ne mutum zai gane dalilin da ya sa aka nace a kan waɗancan kiredit ɗin, domin ba a fahimtar yadda jiki ke sarrafa abinci ko yadda ganye ke amfani da hasken rana sai da Kemistiri. Daga shekara ta biyu ake shiga ilimin gadon halitta, da ƙwayar halitta, da alaƙar halittu da muhallinsu, da ƙididdiga. Akwai fita daji nazari, akwai zuwa koyon aiki na SIWES, a shekarar ƙarshe kuma ɗalibi ya yi binciken kansa ya rubuta. Wanda ya kutsa da sakamakon da aka saya masa a wuraren satar amsa, a shekarar farkon nan asirinsa yake tonuwa.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafe mu musamman, mu da aka haifa a nan amma asalinmu Arewa. Jami'ar Jihar Legas, LASU, da aka kafa a 1983 zamanin Gwamna Lateef Jakande, tana Ojo, a kan hanyar Badagry, mota ɗaya ce daga Mile 2. Tana karɓar kowa, amma jami'ar jiha ce, tana da kwamitin tantance 'yan asalin jiha, kuma haihuwa a Agege ba ta mayar da kai ɗan asalin Legas. Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurbi kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, cikinsu har da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara. Ma'ana, takardar shaidar ƙaramar hukumarka ta asali tana da amfani, ko a Bayero ta Kano, ko a Zariya, ko a nan Akoka. Yara nawa ne a unguwanninmu ke da ita? Da yawa ba su taɓa taka sakatariyar ƙaramar hukumar kakanninsu ba. Sai an buɗe rajista a fara buga waya gida ana gaggawa.

Na san abin da wasu za su ce, don Baba ma ya faɗa mini. Ya ce, "To in ta yi Bayolojin, likita za ta zama?" A'a, ba za ta zama ba. Likitanci kwas ne daban na shekara shida, aikin gwajin jini na asibiti shi ma digirinsa daban ne na shekara biyar, da lasisinsa. Kuma gaskiya ce akwai masu digirin Bayoloji da suka dawo kasuwa, wasu suna koyarwa a makarantun kuɗi da albashin da bai kai ribar buhu goma ba. Ba zan ɓoye wannan ba.

Amma mu dubi abin da muke ci da shi. Wake, goro, tumatir, albasa, shanu, raguna, busasshen kifi. Kasuwancin Bahaushe da yawa a Ikko a kan abu mai rai yake, kuma asararmu mafi yawa daga abu mai rai take zuwa. Na tuna wa Baba shekarar 2016, lokacin da ƙwaron nan Tuta absoluta ya cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kwando ya gagari mutane a Mile 12. Na tuna masa 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa. Sannan na nuna masa buhun PICS mai leda biyu a ciki da yake amfani da shi yanzu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka ne suka fito da shi, bayan sun fahimci cewa ƙwaron wake numfashi yake yi, in an toshe masa iska zai mutu ba tare da an zuba guba ba. Na ce, Baba, wannan shi ne Bayoloji, kana cin ribarsa kullum. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe da mutane a bayan buhun nan."

Masu irin wannan ilimin suna aiki a NAFDAC, da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba, da cibiyar IAR ta Zariya, da tashar IITA ta Kano, da kamfanonin abinci. Ban ce kowa zai samu ba. Abin da nake cewa shi ne, idan jami'in duba nama ya zo mayankar Oko-Oba, ko mai duba abinci ya shigo kasuwa, da wuya ka ga ɗan cikinmu ne. Kullum mu ake yi wa bayani, wani lokacin ma da tafinta.

Kuma kada a manta, ajin kimiyya ba Bayoloji kaɗai yake buɗewa ba. Kiredit biyar ɗin nan su ne mabuɗin likitanci da aikin jinya da haɗa magunguna da aikin gona da likitan dabbobi. Yaron da ya yi kimiyya, idan ya haɗa da darasin Tattalin Arziki, yana da hanyar komawa wasu kwasa-kwasan kasuwanci in ya canza ra'ayi. Wanda ya yi kasuwanci kuwa ba ya iya juyowa kimiyya sai ya koma baya. Gwamnatin Kano ta gane wannan tun 1977, shi ya sa ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo yara tun suna ƙanana. Likitoci da injiniyoyi da yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ba cewa nake a tura kowane yaro ajin kimiyya da ƙarfi ba. Wanda Lissafi ke ba shi wahala ƙwarai, ko zuciyarsa tana wajen shari'a ko aikin jarida, a bar shi. Abin da nake roƙo shi ne a yi zaɓin da sani. Uba ya rufe rumfa na awa biyu ya je makarantar. Ya tambaya: kuna da malamin Kemistiri da na Fizis? Ku nuna mini ɗakin gwaje-gwaje. Domin WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaji da hannu a darussan nan uku, kuma akwai makarantun kuɗi a lungunanmu da ke karɓar kuɗin ajin kimiyya alhali yaro zai gama bai taɓa leƙa madubin ganin ƙananan halittu ba. A yi wa yaro NIN da wuri, a tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, don Muhammad a nan, Mohammed a can, ya sha hana yara gurbi. In an je gida da Sallah, a karɓo takardar ƙaramar hukuma.

Ina kuma kira ga sarakunan Hausawa na unguwanninmu da shugabannin kasuwa da limamai. Muna da 'yan uwa ɗalibai a LASU da Akoka da Yaba. Me zai hana sau ɗaya a shekara, kafin yara su shiga aji huɗu, a tara iyaye a harabar masallaci bayan La'asar, ɗaya daga cikinsu ya yi wannan bayanin da Hausa? Ba ya buƙatar kuɗi, sai tabarma da lasifika.

Mu dai a gidanmu an gama magana. Ranar Litinin ni da Baba muka je makarantar, muka ga ɗakin gwajin da idonmu, aka tambayi yarinya ta ce kimiyya take so, Baba ya sa hannu. Ni kuma na sayi littattafan Kemistiri da Fizis na hannu, ina zuwa darasin yamma bayan mun rufe rumfa, da niyyar zama jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu. Abin da yaro ke koya cikin shekara uku a aji, ni ina koyon sa da dare bayan na wuni ina ɗaga buhu, kuma ba na yi wa ƙanin kowa fatan haka.

Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, musamman 'yan uwa da ke jami'a, don Allah ya gyara mini. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu kasuwa mai amfani, amin.

Wassalam. Naku, daga Mile 2.