Sharhi: Faifai Naka, Makulli Na Wani

Sharhinmu na yau kan faifan fim ne da ake kira Blu-ray, da irin wahalar da mutum ke sha kafin ya kalle shi a kwamfutarsa.

Mutum ya cire kuɗinsa ya sayi faifai na asali, ko ɗan'uwa ya kawo masa tsaraba daga Ingila. Ya ƙara kuɗi ya sayi na'urar karanta faifan, wadda ake jona wa kwamfuta ta USB, tunda yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba a yi musu wurin sa faifai ba. Ya zura faifai, ya ji na'ura ta fara juyawa, fitilarta tana ƙyaftawa. Kwamfuta ta nuna ta ga faifan, ga manya-manyan fayiloli jere a ciki. Ya danna, allo ya yi baƙi ƙirin. Ya fitar da faifan, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, shiru. Daga nan sai ya fara zargin mai shago ya sayar masa da jabu.

Faifan nan lafiyarsa ƙalau. Kulle shi aka yi. Tun da Blu-ray ya shigo kasuwa a 2006, masu fitar da manyan finafinai suka sa masa wani kulle mai suna AACS, kuma babu manhajar da za ta buɗe shi bisa ƙa'ida sai wadda ta biya lasisi aka ba ta makulli. Windows ba ta zuwa da wannan makulli, kwamfutocin Mac ma haka. Ka sayi gida ke nan da guminka, amma wanda ya sayar maka ya riƙe makullin ƙofa, kullum sai ka nemi izininsa kafin ka shiga.

To, wace hanya ta rage wa mai faifai? Hanya ta farko ita ce sayen manhaja mai lasisi. Wadda ta fi shahara ita ce PowerDVD, akwai kuma WinDVD. A da akwai TotalMedia Theatre, amma tun 2014 aka daina ta, waɗanda suka saye ta suka koma neman wata. Irin waɗannan manhajoji suna nuna fim yadda aka tsara shi, da jerin zaɓin harshe da na fassara, sai dai da dala ake sayensu, kuma dole a riƙa sabunta su. Dalili kuwa shi ne masu kulle suna canza makulli lokaci zuwa lokaci. Sabon faifai yana iya zuwa da umarnin soke makullin tsohuwar manhaja, sai ka ga manhajar da ka biya bara ta ƙi karɓar fim ɗin bana.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin kyauta. Kusan kowa a cikinmu ya san VLC, mai tambarin mazubi ruwan lemo, wadda ke buɗe kusan duk bidiyon da aka ba ta. Tana iya nuna Blu-ray ɗin da ba a kulle ba. Na kasuwa kuwa sai an nemo mata ƙarin fayil na makullai an ajiye a inda ya dace, aikin da ba kowa zai iya ba, kuma ko an yi, ba kowane faifai ke buɗewa ba. Akwai Leawo da ire-irenta da ake saukewa kyauta, amma a yi hattara da inda ake ɗauko manhajar kyauta, domin da yawa ta nan cutar kwamfuta ke shigowa.

Hanya ta uku ita ce kwafe fim ɗin daga faifai zuwa cikin kwamfuta da manhaja irin su MakeMKV, sannan a kalla da VLC ko Kodi. Faifan Blu-ray yana ɗaukar gigabait 25, mai hawa biyu 50, saboda haka finafinai kaɗan za su cika maka ma'ajiya. Ga kuma doka. A Amurka, dokar 1998 ta hana ɓalle irin wannan kulle, kuma kowace ƙasa da nata hukuncin. Wato wanda ya saya da kuɗinsa yana iya zama mai laifi don ya buɗe abinsa.

Kulle bai tsaya nan ba, jama'a. Akwai ƙarin wani mai suna BD+ a kan wasu fayafayan. Akwai kullen yanki: an raba duniya kashi uku, Amurka da Japan suna yankin A, mu nan Afirka da Turai muna yankin B, Indiya da Sin da Rasha suna yankin C. Mai son fim ɗin Indiya na asali ya lura da wannan kafin ya biya. Akwai kuma kulle a kan igiyar da ta haɗa kwamfuta da allo, ana ce masa HDCP, wanda idan allonka tsoho ne zai hana hoto fitowa. Faifan 4K da ya fito a 2016 nasa kullen ya fi tsanani. An shardanta masa wani sashen tsaro a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai kuma daga 2021 aka daina sa wannan sashe a sababbin ƙwaƙwale. Ka sayi sabuwar kwamfuta, ka sayi manhaja mai lasisi, ka sayi faifai na asali, duk da haka ba za ka kalla ba.

Duk wannan kulle don wa aka yi shi? Cewa aka yi don masu satar fasaha. To, tun farkon 2007, shekara ba ta cika da fitowar Blu-ray ba, makullan suka bazu a intanet. Ɓarawo ya wuce abinsa, mai gaskiya aka bari a bakin ƙofa. Wanda ya tura fim ɗin sata a wayarsa ba a tambayarsa yanki, ba a tambayarsa lasisi. Mai gaskiya ake tambaya, mai gaskiya ke biya sau biyu.

Ba ina goyon bayan sata ba ne, Allah ya kiyaye. Mun ga abin da ta yi wa Kannywood. Kasuwar Ƙofar Wambai da a da ake turereniya ranar sakin sabon fim, satar kwafi da masu tura fim a waya sun durƙusar da cinikin faifai a cikinta, furodusoshi suka koma YouTube. Abin da ma ya fi damuna shi ne tsofaffin finafinanmu. Tun daga Turmin Danya na 1990, ɗimbin finafinai sun fito a kaset da faifan CD. Ina ainihin kwafinsu yake yau? Kaset yana cin ƙura, faifai yana karcewa, zafi da damina suna gama sauran. Ya kamata masu finafinan nan da jami'o'inmu su tashi su kwafe su a adana tun da sauran na'urar da za ta karanta su, kuma idan an adana, kada a maimaita kuskuren masu kulle.

Lokaci kuwa yana ƙurewa, domin manyan kamfanonin lantarki da dama sun riga sun daina ƙera na'urorin Blu-ray. Ranar da manhaja mai lasisi ta ƙarshe ta rufe, me mai tarin fayafayai zai yi da su?

Shawarata ga mai saye ita ce ya duba harafin yanki a bayan kwalin faifai, ya tabbatar na'urarsa da allonsa sun dace, ya gwada manhaja kafin ya biya. Wanda kallo kawai yake so, na'urar da ake jona wa talabijin ta fi sauƙi. Kirana ga masu kulle kuwa, ku ji tsoron Allah a kan haƙƙin mai saye. Ku bi ɓarawo ta hanyar doka, ku sauƙaƙa farashi, wanda ya biya kuma ku ba shi makullin abinsa.